Ummi, Kada Ki Bar Ajin Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, uwata ta kaina, ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai ga 'yarsa ba. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki da duk mai cin tuwo a gidan nan na Kaduna. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya kiyaye ki a hanyar da ke gabanki, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da na mutum. Ni ina nan, alhamdu lillahi. Gwiwa ce kawai ke yi mini tsiya idan sanyin ƙasar nan ya sauko.

Na rubuto ne saboda ta waya ba ma gama magana. Ki ɗaga murya, in ɗaga, mahaifiyarki ta karɓe wayar ta ce a bari sai gobe. A takarda babu mai katse ni.

Ga abin da na fahimta. An ɗauke ki koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan lafiya da ke garin Lafiya, inda na koyar, an kuma ba ki darasin al'adu da kiwon lafiyar jama'a. Kin ce darasi ne da ake jefa wa sabon malami saboda tsofaffi ba sa so. Kin ce kin bar garin tun kina firamare, ba kya jin Eggon, ba kya jin Alago, ba kya jin Tibi, to da wane baki za ki tsaya gaban 'ya'yansu ki koya musu al'adarsu. Kin ce ko dai in aiko miki da tsofaffin laccocina ki karanta musu, ko in nema miki hanya ki taho nan Ingila ki bar musu aikinsu. Kin haɗa akwati amma ba ki yanke shawarar hawa mota ba, su kuma ba za su riƙe miki gurbin ba idan zango ya fara ba ki je ba.

Zan amsa miki duka biyun, sai dai ki yi haƙuri da ni, amsar tana da ɗan tsawo.

Kada ki zaci zan yi wa aikin nan yabon da bai kai ba. Na ba shi ƙuruciyata. Na yi ƙauye tun babu titi, na yi aji har furfura ta fito, da shugabancin sashe ya zo aka tsallake ni aka ba yaron da ni na koya masa riƙe sirinji, saboda yana da mai buga masa waya. Har yau idan na tuna, abinci yakan fita raina. Shi ya sa na ajiye aiki na taho nan ina yi wa tsofaffi wanka ina canza musu zanen gado. Amma ba zan yi wa yaron ƙarya ba, bai lalata wurin ba. Na ji ya gyara famfo, ya sa an sake rufin ɗakin gwaji. Ba shi ya cuce ni ba, ba kuma ɗalibai ba ne. Idan kin je ki gaishe shi da ladabi. Faɗana nawa ne, ba gadonki ba ne.

Farkon aikina an tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye ta wajen Ashige. Ɗaki biyu ne da baranda, da bishiyar mangwaro a baya. Ni ba likita ba ne, kin sani, amma a ƙauye duk mai farar riga likita ne. Ungozomarmu takan shiga gari karɓo magani, ranar da ba ta nan kuwa haihuwa a kaina take faɗowa.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kawo wata mata mai suna Saratu a kan babur, haihuwar fari, surukarta na riƙe da ita ta baya. Surukar ana kiranta Mama Asabe, manomiya ce, tana kuma sayar da doya da riɗi a kasuwa. Haihuwa ta zo da sauƙi, namiji. Ana gamawa Mama Asabe ta koma gida ɗauko kunu da zannuwa, aka bar ni da mabiyiya a cikin roba.

A makaranta an koya mana a zuba ta a ramin da aka tanada, a sa magani a rufe. Ni kuwa na ce ai ni ɗan gari ne. A gidanmu ma ba a zubar da mabiyiya kamar shara, wanke ta ake yi a binne, na sha ganin kakarki tana yi. Sai na ce bari in yi wa mutanen nan abin da littafi bai sani ba. Na wanke ta tas, na naɗe ta a farin ƙyalle, na ɗauki fartanya na je ƙarƙashin mangwaron na haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, na binne, na daddale ƙasa. Har bisimilla na yi. Na dawo ina wanke hannu ina jin daɗin kaina, ina cewa yau za su san asibiti ma ya san mutunci.

Mama Asabe ta dawo, ta ajiye kunu, ta zaro wata sabuwar 'yar tukunyar ƙasa daga cikin zaninta. Kin san Hausar mutanenmu na can, ba ruwanta da namiji ko mace.

Ta ce, "Likita, sannu da aiki. Ba ni abin da ya biyo yaro in sa a nan."

Na ce, "Mama, kwantar da hankalinki, na riga na yi muku. Na wanke, na binne."

"Ka binne a ina?"

"Can ƙarƙashin mangwaro."

Ta dube ni, ta dubi mangwaron. "Likita, mangwaron nan na baban shi ne?"

Na ce a'a.

"Na kakan shi ne?"

"Na gwamnati ne, Mama."

"To yaron gwamnati ne ke nan. Gobe in ya yi kuka ka kai wa gwamna ya ba shi nono."

Masu jiran allura a baranda suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "A gidanmu ni ne zan ɗauka, ni maman baban shi. Akwai wurin da muke sa na kowa. Na baban shi yana wurin, na 'yan'uwan baban shi yana wurin. Yaron da nashi ba ya gida, ba zai zauna a gida ba. Zai girma ya tafi, ko ka mutu ba zai zo ba."

Ban ce miki maganarta gaskiya ba ce. Ni tawa mabiyiyar tana gidan kakanki a cikin garin Lafiya, ga ni nan a bayan duniya. Amma ba gaskiyarta ko ƙaryarta ce a gabana ba ranar. Jikanta ne, kuma na taɓa abin da ba nawa ba.

Na ce a miƙo fartanya in tono. Ta ce, "Abin da namiji baƙo ya sa a ƙasa da addu'an shi, shi zan tono in kai gida?" Ta mayar da tukunyar cikin zani, ta ɗauki jariri, ta sa Saratu a gaba suka tafi tun lokacin sallama bai yi ba.

Abin da ya biyo baya shi nake so ki riƙe. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya kai ƙara. Ana gaishe ni a hanya, ana kawo mini doya. Mata suna zuwa awo, suna kawo yara rigakafi. Haihuwa ce kawai ta ɗauke. Mace za ta yi awo har watan haihuwarta, sai in gan ta da goyo. Na riƙa faɗa wa manyana cewa mutanen ƙauye ne, jahilci ya yi musu yawa, sun fi son gida. Har ranar da aka kawo wata da jini ya ɓalle mata bayan ta haihu a ɗaki, muka sa ta a bayan motar doya zuwa babban asibiti. Ta rayu, amma da kyar. A hanyar dawowa na yi wa mijinta faɗa, na ce me ya hana ku zuwa tun farko. Ya ce, "Likita, kar ka yi fushi. Mata sun ce a wurinka ba a ba mutum abin yaro."

Da ranar kasuwa ta zagayo na je rumfar Mama Asabe na zauna a kan buhun riɗi. Ta bar ni a zaune har ta gama ciniki. Na ce na zo ne ta faɗa mini yadda ake yi. Ta ce, "Yanzu ka zo? Yaro har ya fara rarrafe." Amma ta faɗa mini. Ta kai ni wurin matan zumunta a coci, muka daidaita: asibiti zai sa mabiyiya a leda mai kyau cikin bokiti mai murfi, dangi su ɗauka, su binne da zurfi, su wanke hannu da sabulu. A hankali haihuwa ta dawo. Yaron kuwa har na bar ƙauyen Gwamna ake ce masa.

Ummi, ba rashin sani ne ya kayar da ni ba, rabin sani ne. Da baƙo ne daga Legas, da ya tambaya. Ni da na tashi da su a kasuwa ɗaya, muna jin Hausa ɗaya, na ga al'adarsu ta yi kama da tamu sai na ce ita ce. Wannan kuskuren 'yan Nasarawa ne, kuma duk ɗalibanki za su shigo da shi aji. Kowa yana ganin ya san maƙwabcinsa saboda ya ci tuwon bikinsa. Abu na farko da za ki koya musu shi ne su ji tsoron wannan sanin.

Kin ga na koyi darasi ko? To ji abin da na yi da shi. Na mayar da shi doka. Na ce masu yaren Mama Asabe gida suke kai mabiyiya, shi ke nan. Wata rana matar Malam Bulus ta haihu. Shi malamin firamare ne, dattijon coci, yarensu ɗaya da Mama Asabe, unguwarsu ɗaya. Na fito da bokitina na miƙa masa a gaban mutane, na ce, "Ga naku, na san al'adarku."

Ya mayar da hannunsa baya. Ya ce, "Malam Shu'aibu, wa ya ce maka ina so? Ka ji sunan yarena, shi ke nan ka gama karanta ni? Mu a gidanmu an bar wannan tun zamanin babana. Ka zuba a raminku."

Na koma ciki da bokiti, kunya ta ishe ni. Sai matar ta yafito ni a hankali daga kan gado, ta ce, "Likita, kar ka zubar. Mamana zai zo da yamma, ka ba shi ta baya."

Gida ɗaya, gado ɗaya, ra'ayi biyu, ni kuma ina tsaye a tsakiya da bokiti. Na ba uwarta, domin daga jikin matar abin ya fito, kuma ita ce marar lafiyata. Amma da na tambaye ta tun tana zuwa awo, mu biyu a ɗaki, da ban kunyata mijinta a baranda ba, da ita ma ba ta yi raɗa ba. Daga ranar tambaya biyu nake yi, kuma ina yin su tun kafin ranar ta zo. A gidanku yaya ake yi? Ke kuma yaya kike so? Ta biyun ta fi ta farkon nauyi, kuma ita aka fi mantawa.

Yanzu ga maganar laccocin da kike nema. Da aka mayar da ni makaranta aka ba ni darasin nan da aka ba ki, sai na zana wa ɗalibai jadawali a allo. Ga layin Eggon, ga na Alago, ga na Migili, ga na Tibi, ga na Gwandara, ga na Fulani, kowa da al'adunsa da camfe-camfensa. Yana da kyau a ido. Suna kwafa, suna haddacewa, suna cin jarrabawa. Na yi shekaru a haka, ni ɗin da Malam Bulus ya riga ya yi wa faɗa. Jadawali yana da sauƙin koyarwa da sauƙin maki, shi ya sa.

Akwai wata ɗaliba Rifkatu, 'yar Migili, tana zama a baya, bakinta ba ya shiru. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Sa, ban ga layin Hausawa ba."

Na ce, "Mu ai addini muke bi."

Ta ce, "Sa, wankan jego da tafasasshen ruwa addini ne? Kunun kanwa fa? Wanzamin da ke cire wa jariri beli da aska ɗaya gida-gida, shi ma addini ne?"

Wani ɗalibi Sani, ɗan 'yan tireda, ya juyo ya ce, "Ke dai ku daina sa wa cibiya toka tukuna, sannan ki zo kanmu."

Ta ce, "Mu toka, ku man goge baki. Wa ya fi wani?"

Wani daga gefe ya ce, "Mu kakata kashin shanu take sawa, duk na fi ku."

Aji ya kaure, kowa na tona gidansu yana tona na wani, ana dariya. Tunda na fara koyarwa ban taɓa ganin ajin nan a farke kamar ranar ba. Ni kuma me na yi? Na buga tebur, na ce Rifkatu ta fita, ta raina malami.

Na koma gida na tarar da mahaifiyarki tana jegon ƙaninki, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na sama-sama, kakarki da kika ci sunanta tana tsaye a kanta da kwanon kunun kanwa. Na san abin da kanwa mai yawa ke yi wa zuciyar mai jego, ina koyar da shi. Kwanaki ina gani ina kau da kai, saboda ban san yadda zan ce wa uwata ta daina ba. Ranar dai na durƙusa na ce, "Inna, kanwar nan tana cutar da ita." Ta ce, "Da ita na yi jegonka, ga ka nan ƙato." Na ce, "To a rage, a yi kunun gyaɗa, ke za ki dama da hannunki." Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sosai, amma ta dama na gyaɗar. Muka kai mahaifiyarki asibiti, Allah Ya ba ta lafiya.

Mu 'yan cikin gari muna da wannan cutar. Abin da muke yi sunansa yadda ake yi, abin da wasu ke yi sunansa al'ada. Ki kula da kanki a kan wannan, domin a gidana kika tashi. Kuma ba mu kaɗai ba ne, za ki ga ɗan coci yana yi wa mai bin gargajiya irin kallon nan, ɗan gari yana yi wa Bafulatanin ruga.

Na koma aji na goge jadawalin, na kira Rifkatu ta dawo. Na fara da gidana, na ba su labarin kunun kanwa da kumburin ƙafa. Da malami ya fara tona nasa, ɗalibi ba ya jin an tsone masa ido idan an zo kan nasa. Daga nan na riƙa haɗa su biyu-biyu, masu yare daban, kowa ya tambayi ɗan'uwansa: a gidanku wa ke kula da cibiyar jariri, wa ke cewa a tafi asibiti, wa ake fara faɗa wa idan ciwo ya yi tsanani, me mai ciki ba ta ci. Idan an yi hutu su je su tambayi kakanninsu. Abin da suka kawo sai mu raba shi uku tare: mai amfani, wanda ba ya cutarwa, da mai cutarwa. Na farko a ƙarfafa shi, na biyu a bar mutane da abinsu, na uku a yi aiki a kansa. Za ki yi mamakin yawan na tsakiyar. Yawancin faɗan da ma'aikatanmu ke yi da jama'a a kan abin da ba ya cutar da kowa ne, kamar tukunyar Mama Asabe. Idan ka ɓata da mutum a kan laya, ranar da za ka yi masa maganar aska ba zai saurare ka ba.

Sai dai wannan a 'yan shekarun ƙarshe na yi shi, kuma ban rubuta shi ba. Laccocin da ke akwatina jadawalin nan ne. Shi ya sa ba zan aiko miki ba. Rifkatu yanzu ita ke riƙe da wani asibitin ƙauye ta wajen Ashige. Ki neme ta, ki kai mata ɗalibanki su ga aiki. Za ta ba ki labarin korar da na yi mata, ta ƙara gishiri. Ki bar ta, ta ci wannan.

Kada ki ɗauka ina cewa a yi wa kowace al'ada tafi. Toka a cibiya tana kashe jariri, ko tokar gidan wa ce. Aska ɗaya a bakin yara da yawa tana yaɗa ciwo, ko wanzamin liman ne. Ɗalibin da ya fita daga hannunki yana jin kunyar faɗin haka, kin cuce shi kin cuci ƙauyen da za a tura shi. Abin koyarwa shi ne yadda ake faɗa. Kaka ba don mugunta take sa toka ba, so take cibiya ta bushe ta faɗi, kuma aikinta ne a gidan. Idan kika ce ta cire hannunta, kin tsige ta daga muƙami a gaban surukarta, za ta jira ki tafi ta sa. Ki ba ta maganin cibiyar a hannunta, ki nuna mata, ki ce ita ce mai shafawa, kada kowa ya taɓa. Aikin yana nan a hannunta, abin shafawar ne ya canza.

Sai maganar harshe. Kowa a Lafiya yana jin Hausa, wannan ya sa muke zaton an gama. Hausar da mace ke sayar da agushi da ita ba lallai ta ishe ta faɗin abin da ke damunta a mara ba. Za ta ce cikinta ne, ki ba ta maganin ciki. Ki koya musu su nemi mai yarenta, mace 'yar'uwarta, ba mijinta ba, ba ɗanta ba. Kuma idan ɗalibarki ta ce miki mace ya zo, kada ki gyara mata, kada ki bari a yi dariya. Wannan Hausar ita ce harshenta na uku ko na huɗu. Ke biyu gare ki. A ƙauye ita za ta fi ki amfani.

Ban gama gane nauyin abin nan ba sai da na zo nan aka yi mini. A wurin aikinmu an tara mu horo, wata yarinya mai kirki ta haska mana a bango yadda 'yan Afirka ke kallon ciwo, da abin da Musulmi ke so da wanda ba sa so. Ina zaune ina kallon jadawalina da Turanci, ni ne kuma a cikin layin. Bayan nan aka kwantar da ni aikin ƙaba. Wani ya ga sunana ya yanke mini hukuncin abinci bai tambaye ni ba, na kwana ina cin ganye kamar akuya, alhali kifi na nan ana ba na kusa da ni. Sai wata nas, ita ma baƙuwa ce a ƙasar, ta ja kujera ta zauna ta ce ko akwai abin da nake so ta sani game da yadda nake yin abubuwana. Na ce ina son ruwa a gora idan zan shiga bayi, tunda babu buta, kuma a nuna mini gabas. Ta kawo gorar, ta duba wayarta ta nuna mini. Ba ta san komai game da Bahaushe ba, ba ta taɓa jin sunan Nasarawa ba. Ummi, da girmana, sai da na juya fuska bango.

To ga amsar tsoronki. Kin ce ba ki san al'adarsu ba. Madalla. Ni na san rabi, kin ga inda ya kai ni. Ke ba ki da abin da za ki yi taƙama da shi, dole ki tambaya, ɗalibai kuma su ga malamarsu tana tambaya ba ta mutu ba. Ba a ɗauke ki don ki koya wa ɗan Eggon Eggon ba. Abin da kike da shi ba su da shi, kin san abin da ƙwayar cuta ke yi a cibiya, kin san abin da zubar jini ke yi. Sauran yana zaune a kan benci a gabanki, kowa da gidansu. Kada dai ki tsayar da ɗalibi ɗaya ki ce ya yi magana da bakin ƙabilarsa duka. Ya faɗi na gidansu kawai. Ranar farko ki shiga ki gaya musu inda aka haife ki, da inda kika tashi, da abin da ba ki sani ba. Za su gwada ki, akwai Rifkatu a kowane aji. Kada ki kore ta.

Yaran yanzu sun fi na zamaninmu sauƙi ta wannan wajen. Sun yi makaranta tare, suna hawa keke napep ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya a hostal. Abin da ya rage a nuna musu cewa zama tare daban, sanin juna daban. Idan kika yaye aji ɗaya da ya iya jan kujera ya zauna ya tambaya, ƙauyuka da yawa za su huta, mata da yawa za su haihu a inda ake iya tsayar da jini. Darasin da tsofaffi ke gudu shi ne wanda ya fi bin ɗalibi har wurin aikinsa.

Saura batun tahowa nan. Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Ɗakina ɗaya ne, ina dafa abinci in ci ni kaɗai a tsaye, nakan yi kwanaki ban yi Hausa da kowa ba sai a waya. Ranar da kika ce in nema miki hanya, na kama kaina ina duba inda zan sa katifa ta biyu. Da son raina zan bi, da tuni na fara. Amma ni na taho ne bayan na yi aikina an hana ni sakamako. Ke za ki taho ne tun ba ki fara ba, saboda tsoron aji. Idan na buɗe miki wannan ƙofar yanzu, kaina na yi wa gata, ba ke ba. Saboda haka ba zan nema ba. Ki yi fushi da ni idan kina so, zan iya ɗauka. Idan kin koyar har kin yaye ɗalibanki na farko, kika dube ni kika ce har yanzu kina son tahowa, zan yi miki duk abin da zan iya, ba zan ce uffan ba.

Ki hau motar, Ummi. Gwaggonki Hajara ta share miki ɗaki a gidanta da ke Azuba, ta ce kada ki zo da tukunya. Ki ji maganarta ko da ta yi yawa. Kada ki kira ni don mu sake wannan gardama. Ki kira ni ranar da kika fito daga ajin farko, ko ya yi kyau ko bai yi ba, ina so in ji wa ya fara ɗaga hannu da abin da ya ce.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke a hannun mutanen kirki. Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya ba ki haƙurin sauraro da ƙarfin faɗin gaskiya, Ya sa ɗalibanki su zama sanyin idon garuruwansu. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata ta bar ki ki karanta har ƙarshe kafin ta karɓe.

Mahaifinki,
Shu'aibu